Wes Wilson, mai zanen fastar da sai an tsaya ake karanta ta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka sam mana fili a jaridar nan tamu mai farin jini, mu yi bayani a kan wani mutum da aikinsa ya zaga duniya, sunansa kuwa bai bi aikin ba. Duk mai hulɗa da masu zayyana a kwamfuta ya taɓa ganin wani salon rubutu mai kumburi, haruffa sun cunkushe suna lanƙwasa kamar harshen wuta, ja a kan kore ko shuɗi a kan ruwan lemo, har ido ya riƙa rawa. Matasa na sauke irinsa daga intanet su buga a riga ko a tallar biki. Wanda ya fito da wannan salo a fastocin wasannin kiɗan rok shi ne Wes Wilson, Ba'amurke, kuma da hannu ya zana kowane harafi. Abin da muke so masu sana'ar su gane shi ne, mutumin nan ya san inji tun kafin a san shi da zane, kuma sanin injin ne ya haifi salon.

An haifi Robert Wesley Wilson ran 15 ga Yuli 1937 a Sakaramento, jihar Kalifoniya. Ya karanci falsafa a kwalejin jiha da ke San Faransisko, bai kammala ba. Bai yi wani dogon karatun zane ba. Makarantarsa ta gaskiya wata ƙaramar maɗaba'a ce mai suna Contact Printing, ta wani abokinsa Bob Carr, inda yake tsara shafi, ya shirya abin da za a ɗauka a fim, ya kuma ga yadda tawada ke zama a takarda. A 1965 ya buga wata fasta da kuɗin aljihunsa don nuna adawa da yaƙin Biyetnam: tutar Amurka ce da alamar 'yan Nazi a jikinta, da tambayar ko Amurkawa ne na gaba. Fastar ta sa aka san da shi a gari. A Janairun 1966 shi ya zana takardar tallar bikin kiɗa na Trips Festival, wanda aka yi kwana uku ana yi a zauren ma'aikatan tashar jiragen ruwa na San Faransisko.

Daga nan masu shirya wasa biyu suka kama shi. Ɗaya Chet Helms, mai kamfanin Family Dog, wanda ya fara da zauren Fillmore sannan ya koma zauren Avalon a Afirilun 1966. Ɗayan Bill Graham, wanda ya riƙe Fillmore. Kowannensu yana da wasa kusan duk ƙarshen mako, kowane wasa kuma da fastarsa. Wilson ya ɗan yi wa duka biyun aiki, sannan ya tsaya wajen Graham, domin Helms kan zo da hoton da yake so da jigon da za a bi, Graham kuwa sunayen makaɗa da rana da kuɗin tikiti kawai yake bayarwa, ya bar mai zane da dabararsa. Daga Maris 1966 zuwa Mayu 1967, wajen wata 14 ke nan, kusan kowane mako Wilson na fitar da sabuwar fasta. A cikin wannan tsakani ne kuma ya zana ta wasan Beatles a filin Candlestick, ran 29 ga Agusta 1966, wanda daga shi ƙungiyar ba ta sake yin wasan tikiti ba.

A duba wa'adin da kyau. Sunayen makaɗa ba sa tabbata sai saura kwanaki kaɗan. A cikin kwanakin nan za a yi zane, a raba launuka, a ɗauki fim, a ƙona faranti, a buga, tawada ta bushe, a yanke, a bi falwayoyi da tagogin kantuna a liƙa. Wanda bai san abin da inji zai karɓa da abin da zai ƙi ba, ba ya kai mako uku a wannan aiki.

Asalin haruffan daga Biyana ta ƙasar Ostiriya suke. A 1965 an yi nunin tsofaffin zane-zanen Jamus da Ostiriya a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili, a nan Wilson ya gamu da rubutun Alfred Roller, mai zanen fastoci na farkon ƙarni na 20. Haruffan Roller masu kusurwa huɗu ne, masu kauri, an matse su kamar tubala a jikin katanga. Wilson ya ɗauki tubalan nan ya narkar da su.

Ga yadda ake gina irin wannan rubutu, domin mafi yawan masu kwaikwayo a nan suke ɓata. Ba da harafi ake farawa ba. Siffar waje ake fara zanawa da fensir, ko harshen wuta, ko gashin kai, ko da'ira. Sai a raba siffar zuwa layuka masu bin lanƙwasarta, kowane layi na suna ɗaya ko biyu. Sai a ƙirga haruffan sunan, a yanka layin gida-gida daidai da adadinsu, a ƙara wa M da W faɗi, a rage wa I. Yanzu kowane harafi akwati ne cikakke. Abin da ya rage shi ne a tsaga akwatin da 'yan siraran ramuka: tsaga biyu daga dama sun ba da E, ɗaya daga sama ɗaya daga ƙasa sun ba da H, ɗaya a tsakiya ta ba da O. Wato abin da hannu ke zanawa shi ne sararin da ke tsakanin haruffa da cikinsu. Shi ya sa daga nesa ake ganin wuta ko gashi, sai an matso a ga suna. Haruffan kwamfuta da ake saukewa ba sa ba da wannan, saboda kowane harafi tsayinsa da faɗinsa a ƙayyade suke, idan aka ja su da ƙarfi don su cika siffa sai ƙafa ɗaya ta kumbura ɗaya ta rame.

Matsalar da aka fi samu ita ce toshewar tsagar. Tawada na ɗan bazuwa idan ta hau takarda, musamman takarda marar sheƙi mai shan ruwa, irin wadda aka buga yawancin fastocin farko a kai. Tsagar da ta yi kyau a kwalin zane, idan aka rage girman zanen a kyamara sannan tawada ta ci gefenta, sai ta rufe, E da B su zama abu ɗaya. Shawararmu, kada tsaga ta gaza milimita ɗaya a girman da za a buga. Mai son gwada salon da Hausa yana da ƙarin aiki: ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ tana bukatar nata gurbin tun lokacin raba gidaje. In aka bar ta sai ƙarshe, za a matse ta ta ɓace, ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki.

Misalin da ya fi fito da salon shi ne fasta ta 18 a jerin Graham, ta watan Yulin 1966, wadda ƙungiyar The Association ke kan gaba a cikinta. Jajayen haruffa ne suna tashi kamar gobara a kan kore, launi biyu kacal. Labari ya shahara cewa Graham ya yi ƙorafin ba a iya karanta fastocin, Wilson ya ba shi amsa cewa rashin karantuwar ne zai sa mutane su tsaya. Mu dai a ganinmu yana da gaskiya, amma da sharaɗi. Fasta a falwaya tana gasa da wasu goma, duk farare da baƙin rubutu. Wadda ta tsayar da mai wucewa na minti ɗaya ta ci riba. Sharaɗin shi ne waɗanda ake kira su kasance masu lokaci da sha'awar warware rubutun, kamar ɗalibai da matasan unguwar Haight-Ashbury na wancan zamani. Wanda ya ɗauki salon ya yi sanarwar rigakafi ko allon kwatance a bakin titi ya zalunci mai karatu.

Sai aikin maɗaba'a. Girman fastocin wajen inci 14 ne da inci 20, wato kusan santimita 36 da 51. Injin Kord 64 da ke cike a maɗaba'unmu yana ɗaukar takarda mai santimita 46 da 64, launi ɗaya a kowane zagaye, saboda haka duk abin da za mu faɗa a nan mai irin wannan inji zai iya gwada shi gobe.

Ana zana ainihin aikin da baƙar tawada a farin kwali mai kauri, ko da wane launi za a buga shi daga baya. Layukan jagora da fensir mai shuɗi-shuɗi ake yinsu, don fim ɗin maɗaba'a ba ya ganin wannan launi. Ja kuwa baƙi yake ganinsa. Shi ya sa ake raba launuka da wata jar leda mai ɓawo biyu: a shimfiɗa ta a kan zanen, a bi da wuƙa mai tsini a yanke jan ɓawon, a ɓare inda ba a son tawada, a bar inda ake so. Kowane launi da ledarsa. A gefuna ana sa 'yar alamar giciye a wuri ɗaya a kan kwalin da kowace leda, aƙalla uku, su ne za su nuna wa mai inji ko launuka sun hau kan juna daidai. Daga nan a ɗauki kowace a kyamara, a toshe ƙananan hujojin fim da buroshi, a ɗora fim a kan farantin alminiyam, a haska masa wuta mai ƙarfi, a wanke. Abin lura a nan, mai zane bai ga launin fastarsa ba sai ta fito daga inji. A ƙwaƙwalwarsa yake haɗa launukan.

Shi bugun ofset a kan gabar mai da ruwa yake tafiya. Inda zane yake a faranti yana kama tawada mai maiƙo, inda babu zane yana kama ruwa ya kori tawada. Abin da ake shafa wa faranti don wuraren da babu zane su ci gaba da son ruwa shi ne ƙaro, ƙaron nan dai na dakwara da ake tsinka a Sudan da Cadi da Borno da Yobe da Jigawa. Faranti na miƙa tawada ga bargon roba, bargo ya miƙa wa takarda. Ruwan injin ana so ya ɗan yi tsami, ma'aunin pH tsakanin 4.8 da 5.5. In ruwa ya yi kaɗan, tawada ta fara kama inda ba a zana ba, farin wuri ya yi dauɗa, tsagar haruffa ta cike. In ya yi yawa, ya shiga cikin tawada ya kashe mata kaifi, ja ya koma kamar an wanke shi, bushewa kuma ta yi nawa. Fastocin Wilson manyan filaye ne na launi tsantsa, kuma babu abin da ke tona asirin mai inji kamar su: ƙwayar ƙura ɗaya a bargo sai ta fito a matsayin ɗigo mai farin zobe a kowace takarda har sai an tsai da inji an goge.

Tun da launi ɗaya ake bugawa a zagaye, fasta mai launi uku sau uku za ta ratsa inji, a wanke rola tsakanin kowane biyu. Mai haske ake farawa da shi. Wanda ke son kwafi 1,000 masu kyau a launi uku ya yanki takarda kamar 1,200, don kowane launi na cin 50 zuwa 100 kafin saiti ya zauna. Tsakanin zagaye akwai tarko biyu. In aka yi gaggawa, ko aka tara takardu tuli mai tsawo, ɗanyar tawada ta manne a bayan ta sama. In kuma aka bar ta kwanaki, musamman idan an zuba maganin busarwa da yawa, fuskarta ta ƙanƙare kamar gilashi, launi na biyu ya ƙi kamawa. Ita ma takardar tana da rai. Tana shan danshi ta miƙe, ta bushe ta tsuke. Wanda ya buga launin farko da safiyar damina ya dawo na biyu bayan kwana biyu zai ga giciyen ya hau daidai a gaba ya kauce a baya. Maganinsa a bar takarda ta kwana a ɗakin injin kafin a fara, a lulluɓe tulin da leda tsakanin zagaye.

Wannan kaucewa ita ce babbar abokiyar gabar ja da kore. In suka hau kan juna sukan haifi baƙi-baƙin layi mai ruwan ƙasa, in suka rabu farar takarda ta leƙo. Kowanne daga ciki yana kashe rawar da ake nema, domin rawar a daidai iyakar launukan biyu take faruwa. Saboda haka hawan da ake bari kaɗan ne ƙwarai, kamar kashi ɗaya zuwa biyu cikin goma na milimita.

Rawar launi kanta lissafi ce. Ana ɗaukar launuka biyu masu adawa, ja da kore, shuɗi da ruwan lemo, ko rawaya da shunayya, a daidaita su ta yadda babu wanda ya fi wani duhu ko kaifi. Ido ya rasa wanne ne gaba wanne ne baya, sai iyakar ta riƙa motsi. Gwaji mai sauƙi: a shafa tawadun biyu gefe da gefe, a ɗauke su hoto a waya, a mai da hoton baƙi da fari. In sun zama toka iri ɗaya, za su yi rawa. Wanda ya kai wannan fanni ƙololuwa shi ne Victor Moscoso, haifaffen Sifen a 1936, wanda ya yi karatu a Yale a hannun Josef Albers, babban malamin ilimin launi. Abin da aka koya masa a aji cewa a guje shi, shi ya mayar jari. Gargaɗi ga masu kwamfuta: launin da ke walƙiya a fuskar allo ba ya fitowa haka daga tawadu huɗun nan na bugun hoto. Koren da ruwan lemon sukan fito a mace. Sai an haɗa tawada ta musamman, kowace da farantinta, kamar yadda su Wilson suka yi.

Akwai dabaru biyu na rage kuɗi da suka zama ado. Ta farko, hawa da gangan: a buga rawaya, a bi da shuɗi mai shara-shara, inda suka haɗu kore ya fito, ga kuma farin takarda, launi huɗu ke nan da faranti biyu. Ta biyu, raba kwamin tawada: a sa shinge a cikinsa, a zuba ja a gefe ɗaya, rawaya a tsakiya, shuɗi a ɗaya gefen, rola na kai-komo tana gauraya bakin iyakokinsu, a samu bakan gizo a zagaye ɗaya. Sai an rage kai-komon rolar, in ba haka ba bayan 'yan ɗaruruwan takardu launukan su cakuɗe su zama ruwan kwata, dole a tsaya a wanke.

Ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, duniyar da fastocin nan suka fito daga cikinta duniyar shaye-shaye ce. Ƙwayar LSD ba a haramta ta a Kalifoniya ba sai ran 6 ga Oktoba 1966, kuma da yawa daga fastocin Wilson na ɗauke da surar mata ba sutura. Ba mu yaba wannan ba, ba kuma shi muke kira a kwaikwaya ba. Amma masu cewa maye ne ya zana fastocin ba su taɓa yanka jar leda a kan layin da bai kai milimita ba. Aikin na mai natsuwa ne da tsayayyen hannu.

Fastocin sun yi farin jinin da ba a zata ba. Ana liƙawa, matasa na bi suna ɓamɓarewa su kai ɗaki. Graham ya ga kasuwa, ya ƙara yawan bugu, ya riƙa sake buga tsofaffi yana sayarwa, har da ƙanana masu girman katin gaisuwa. A nan rigima ta tashi. Wilson ana biyansa ladan zane ne na talla ta mako guda, ga shi tallar ta zama haja mai kawo kuɗi wata da watanni. Suka saɓa a kan haƙƙin mallaka da kason da ya kamata mai zane ya samu daga cinikin, a Mayun 1967 suka raba gari. Bonnie MacLean, wadda ta auri Graham a shekarar, ita ta karɓi zanen. Dokar Amurka ta lokacin ta ɗora nauyi mai yawa a kan 'yar alamar haƙƙin mallaka da sunan da ke gefenta a ƙasan takarda, har aikin da aka fitar ba alamar kan iya zama na kowa. Jerin fastocin Fillmore a hannun kamfanin Graham ya zauna. Graham ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Oktoban 1991, a 2003 kuma wani ɗan kasuwa, Bill Sagan, ya sayi rumbun kayan tarihin kamfanin a kan sama da dala miliyan 5.

Wannan ɓangare ya shafi duk mai zana fastar fim ko bangon littafi a nan gida. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ce mallakar aiki ba ta komawa hannun wani ta hanyar sayarwa sai a rubuce. To, a rubuta. Takarda ɗaya ta isa: kwafi nawa aka yarda a buga, don wane amfani, nawa za a ƙara idan an sake bugu ko an sa zanen a riga, wa zai riƙe ainihin zanen da fayil da faranti, kuma sunan mai zane zai fito a jiki. Galibi faranti da fayil a maɗaba'a suke kwana, kuma wanda ke riƙe da su shi ke iya sake bugu da dare ba wanda ya sani.

Rabuwa da Graham ba ta rage wa Wilson suna nan take ba. A Yulin 1967 shi da Moscoso da Rick Griffin da Stanley Mouse da Alton Kelley, waɗanda ake kira manyan biyar, suka yi nunin haɗin gwiwa a Moore Gallery ta San Faransisko. A 1968 gidan adana zane-zanen zamani na Niyok ya sa aikinsa a wani babban nunin fastoci, hukumar tallafa wa fasaha ta ƙasar kuma ta ba shi kyautar dala 5,000. Sai dai kamfanonin talla sun riga sun wawushe salon, an sa shi a kowane irin kaya har ya gundiri mutane. Graham ya rufe Fillmore West, zauren da ya koma bayan tsohon Fillmore, a Yulin 1971.

A 1976 Wilson ya kwashe iyalinsa ya koma wata gona a tsaunukan Ozark na jihar Mizuri, yana kiwon shanu yana zane. Bayan 1990, da sha'awar tsofaffin fastoci ta farfaɗo, ya fitar da wata 'yar jarida mai suna Off the Wall a kan sana'ar, ya kuma koma karɓar aikin fasta jefi-jefi.

Yau masu tara fastocin suna bambanta bugun farko, wanda aka yi kafin ranar wasa, da wanda aka sake daga baya. Suna auna faɗi da tsawo, su duba kaurin takarda da hasken bayanta, su nemi sunan maɗaba'a a gefe, har tabon da ƙura ta bari a faranti suna bi, don shi ke nuna wane faranti aka yi amfani da shi. Bugun farko na wata fastar ƙungiyar makaɗa ta Grateful Dead, wadda Mouse da Kelley suka zana wa zauren Avalon a Satumban 1966 ya haura dala 100,000 a gwanjo. Mai irin wannan takarda ya nisanta ta da hasken rana, domin ja da ruwan hoda su ke fara koɗewa, kada kuma ya kusance ta da salatif ko gam. Wes Wilson ya rasu a gidansa a Mizuri ran 24 ga Janairu 2020 yana da shekara 82, Bonnie MacLean ta bi shi ran 4 ga Fabrairu, kwana 11 tsakani.

Mun gode da filin da aka ba mu. Wassalam.

Daga wasu ma'abota aikin zayyana da ɗab'i